Amfilifaya Marar Suna

Ɗangiwa mai gyaran rediyo maci amana ne, kuma da rana tsaka ya ci ta, a bakin kasuwar Tambuwal, ƙarƙashin allon da ya rubuta wa kansa "Injiniya" da jan fenti. Ba wanda ya naɗa masa wannan suna. A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, sunaye sun yi araha. Wanda ya taɓa sayar da buhun siminti biyu ya zama ɗan kwangila, wanda ya iya canza batir ya zama injiniya. Gyaran Ɗangiwa bai wuce iri ɗaya ba. In an kawo rediyo sai ya buɗe bayanta ya hura, ya mare ta a gefe. In ta yi magana ya karɓi lada, in ta ƙi ya ce kayan gyaranta sai Ikko.

Wanda aka ci wa amanar shi ne Tambaya mai jita. Shi ma kada a ɗauke shi waliyyi. Mutum ne da ya bar wa ƙannensa gona ya rungumi kiɗa, yana bin bikin malaman makaranta da liyafar sababbin masu kuɗi daga Tambuwal har Dogon Daji. Jitarsa ta lantarki ce, ba ta da murya sai an jona ta da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara mata sauti. Tasa tsohuwa ce, an lulluɓe ta da jar fata, da kwalabe huɗu a cikinta masu yin ja kamar garwashi in ta ɗumama. In an kunna ta sai ta yi kaki sau biyu, kamar liman zai fara huɗuba, sannan ta saki murya. Babu suna a jikinta, babu lamba, babu ko harafi ɗaya. Shekara takwas da suka wuce ya saye ta hannun wani direban babbar mota, shi ma direban bai san asalinta ba.

Wurin da suna ya kamata ya zauna, Tambaya ya cike shi da ƙarya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ta Landan ce. Wani Bature ya ba ni ita a Kaduna ranar da zai koma gida, har da hawayensa." Ya faɗa har ya haddace, har akwai ranakun da yake tuna fuskar Baturen.

Da daminar shekarar 1978, ruwa ya tare shi a hanyar Dogon Daji, amfilifaya ta jiƙe ta yi shiru. Ya kai wa Ɗangiwa. Bayan mako guda ya koma, Ɗangiwa ya tarbe shi da fuskar ta'aziyya, ya zuba masa wasu ƙonannun wayoyi a tafin hannu.

"Sai haƙuri, Tambaya. Ta ƙone ƙurmus. Kayan Landan ba su son ruwanmu."

"To gawar fa?"

"Na ba maƙera. Warin ƙunarta ya hana ni aiki."

Gaskiyar magana kuwa, ruwa ne kawai ya shige ta. Da ta sha rana kwana biyu a bayan shago sai ta farfaɗo don kanta.

Wata uku Tambaya yana zaune. Jita na rataye a bango kamar sandar makaho bayan ya mutu. Masu biki suka koma kaset. Sabuwar amfilifaya sai Kano, kuma ko ya sayar da baburinsa da gadonsa ba za su kawo ta ba. Ya fara zuwa gonar ƙannensa da sunan gaisuwa, yana dawowa da damin gero, su kuma suna yi masa sannu da zuwa irin wadda ta fi zagi ciwo.

Bayan kaka aka shirya baje kolin sana'o'in hannu a filin makarantar firamare, na kwana uku. An ce wanda ya zo na ɗaya zai sami sabon babur da kujerar zuwa ƙasar waje koyon aikin lantarki. Shugaban kwamitin wani jami'i ne da aka turo daga Sakkwato, Malam Dikko, mai rigar safari mai aljihu huɗu, kowane aljihu da bironsa. Tambaya ya je ne don ya rage zaman gida. Ya wuce masu tabarmi da majema da masu tukwane, ya wuce wani jirgin sama na katako da ba ya tashi. Can ya ji an tayar da janareto, sai wani abu ya yi kaki sau biyu.

Ƙafafunsa suka kai shi kafin ya yi shawara. A kan tebur ga akwati an shafe shi da koren fenti, an buga masa faifan gwangwani a goshi da ƙusoshi, an rubuta ƊANGIWA INJINIYA, TAMBUWAL. An jona shi da rediyo, murya na kaiwa har bakin hanya. Sai dai a ƙarƙashin muryar akwai wani gurnani da Tambaya bai san amfilifayarsa da shi ba.

"Ranka shi daɗe, wagga amfilifaya tawa ta," in ji Tambaya. "Ita ce na kai mashi gyara yac ce ta ƙone."

Ɗangiwa bai ko girgiza ba. Ya gyara hula ya dubi jama'a.

"Tambaya, tsakaninka da Allah, taka ta ina ce?"

Ɗangiwa bai jira amsa ba, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku kun ji shi shekara da shekaru. Ta ina yaka cewa?"

"Ta Landan," aka amsa daga kowane gefe. Wani ya ƙara, "Bature har da kuka."

"To wagga ƙirar Tambuwal ta. Da hannuna na yi ta, wata shida ina fama. In kana kewar taka, ga hanyar Kaduna can."

Aka yi dariya. Malam Dikko ya zaro biro ɗaya ya nuna Tambaya da shi.

"Kana da rasiɗi? Ka san sunan kamfanin da ya yi taka? Lambarta fa?"

"Ba ta da suna, ranka shi daɗe."

"To abin da ba shi da suna yaya za ka yi da'awarsa? Wannan ga suna a jiki. Jibi da la'asar za mu yanke hukunci. In kana da shaida ka kawo kafin nan." Ya karkata kunne ga akwatin. "Akwai ɗan gurnani, amma kayan gida ai dole a yi haƙuri da su. Ba za a haɗa da na Turawa ba."

Don ya ƙara burge kwamiti, Ɗangiwa ya kwance bayan akwatin ya juya shi ga jama'a. Wayoyin ciki ba a watse suke ba kamar na rediyon kanti. An bi su da wata siririyar igiyar fata doguwa, kowane ƙunshin waya da zarginsa, a jere reras.

"Wannan shi aka kira ɗaurin Jamus," in ji Ɗangiwa. "A littafi na koyo."

Wata tsohuwar Bafillatana mai suna Inno tana zaune a gefen teburin da ƙwaryar nononta. Ta miƙa wuya ta leƙa, sai ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Da taro ya matsa gaba ta yafito Tambaya da ludayi.

"Kai Kaɗo, zo. Wa ya ɗaure maruƙa cikin akwati?"

"Inno, yau ba ni da bakin wasa."

"Ba wasa nika yi ba. Wancan dangwali ne. Igiyar da muka ɗaure maruƙa da ita in za a tatsi uwayensu, kowane ɗan maraƙi da zarginshi. Jamus ɗin nan suna kiwo?"

Tambaya ya tsuguna. Shekara takwas yana buɗe bayan akwatin nan yana ajiye tsirkiyar jita, bai taɓa kallon igiyar da idon tambaya ba. Mutumin da ya yarda kayansa na Landan ne ba ya neman Fulani a ciki.

"Kowace ruga da hannunta," in ji Inno. "Mu namu ƙulli kunne guda gare shi. Mai kunne biyu na mutanen Kebbe ne. Kuma bahago ya ƙulla wancan, ba ka ga kunnuwan sun kwanta hagu ba? Sayi nono, na gaya maka abin da ya fi nono."

Washegari da hantsi ya hau tsohon baburinsa ya kama hanyar Kebbe. Hanyar ba ta san an sami arzikin mai ba. Sau biyu yana sauka yana tura babur cikin yashi, sau ɗaya ya tsaya garken shanu ya gama ƙetarewa. Ya isa bayan azahar. A tasha ya tambayi wani mai faci ko akwai Bafillace bahago mai taɓa waya a garin.

"Bube Majigi kaka nufi. Ga shi can gindin tsamiya, kusa da masallaci."

Bube dattijo ne siriri, gemunsa fari, yana gyara wa wani makiyayi tocila da hannun hagu. Tun yana saurayi motar majigi ta zo garinsu nuna fim, ya bar shanun ubansa ya bi ta. Shekara ashirin yana cikinta, daga ɗaukar kaya har ya zama shi ke gyara injin in ya tsaya. Bai taɓa zama aji ba. Da ya gaji ya dawo gida, ya kama sahun farko a masallaci, ba ya son a tuna masa da wancan zamani.

Tambaya ya gaishe shi ya zauna a ƙasa, ya fara bayani. Bai yi nisa ba Bube ya katse shi, idonsa na kan tocila.

"Jar fata gare ta?"

"Ita, Baffa."

"Kwalabe fuɗu, guda ta fi sauran tsawo. Tana kaki sau biyu kafin ta yi magana."

Tambaya ya matso kusa da shi.

"Ni na yi ta," in ji Bube. "Shekara biyu bayan samun mulkin kai. Da ragowar wani injin majigi da anka yar. Wani malamin makaranta mutumin Kudu ya dame ni, shina da jita ba ta da murya. Guda ɗaya na yi, ban ƙara ba."

"To don mi ba ka sa suna ba, Baffa? Da ka sa da ban shiga wanga hali ba."

"Ubana da ƙyar ya yafe mani barin shanu. Sai in ɗauki sunan gidanmu in manna ga akwatin kiɗa? Kuma saniya ba ta yawo da takarda a goshi. Mai ita ya san ta."

Tambaya ya roƙe shi ya zo Tambuwal ya faɗi wannan magana gaban kwamiti. Ya gaya masa wata uku ba ya aiki, ya gaya masa ƙaryar Ɗangiwa. Da Bube ya matsa masa da tambayar yadda aka yi jama'a suka ƙi gaskata shi, dole ya faɗi tasa ƙaryar ma, Bature da hawaye da komai. Bube ya ɗago kai karo na farko.

"Ashe ɓarayi biyu ne. Shi ya sace ta ya kai Tambuwal, kai ka sace ta ka kai Landan. To tafi Landan su ba ka shaida, ɗana. Ni na tuba da kayan kiɗa."

Ya koma kan tocilarsa. Tambaya ya zauna har inuwar tsamiya ta juya. Da ya ga babu fuska sai ya miƙe yana kaɗe riga.

"Shi ke nan, Baffa. Dama ko na same ta ba kamar da take ba. Gurnani taka yi yanzu. Shugaban kwamiti ma cewa ya yi kayan gida dole a yi haƙuri da su, ba za a haɗa da na Turawa ba."

Hannun Bube ya tsaya.

"Mi taka yi?"

"Gurnani. Kamar kare ya ga baƙo."

"Abin da na yi ba ya gurnani."

"Wallahi tana yi."

"Shekara ashirin ina gyara wa Turawa injinsu in ya gagare su. Wane ne wanga mai cewa a yi haƙuri?" Ya miƙa wa makiyayi tocilarsa ya tashi. "Gobe bayan asuba ka zo ka ɗauke ni. Amma da sharaɗi. Kafin in buɗe baki, kai za ka fara tsayawa gaban mutane ka kashe Baturen nan naka."

Haka ɗan Adam yake. Roƙon mai neman abinci bai tayar da Bube ba, amma da aka taɓa aikin hannunsa sai ga shi yana neman takalmi.

Rana ta uku da la'asar fili ya cika, don labari ya zaga cewa mai jita ya tafi neman shaida. An kafe sabon babur kusa da teburin kwamiti, an ɗaura masa kyalle. Ɗangiwa ya sha babbar riga, har ya riga ya tambayi wani malami yadda ake cewa "na gode" a jirgin sama.

Tambaya ya fito tsakiya. Ya fi son a ce ya yi kiɗa awa goma da wannan magana guda.

"Jama'a, amfilifayata ba ta Landan ba ce. Babu Bature. Wurin direba na saye ta a tashar Jega. Ƙarya nika yi maku shekara takwas."

"To hawayen fa?" wani ya tambaya daga baya. "Direban ne ya yi?"

Aka kwashe da dariya. Tambaya ya shanye, ya nuna Bube. "Ga wanda ya yi ta."

Malam Dikko ya dubi dattijon daga rawani zuwa takalmin taya. "Baba, wace makaranta ka yi?"

"Ta allo. A kunna ta in ji."

Aka kunna. Ta yi kaki sau biyu, gurnani ya biyo baya. Bube ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Ya ce a kashe, a buɗe baya.

"Samari," ya ce da Ɗangiwa, "an ce kai ka yi ɗaurin ga. Kwance mani zarge guda. Wanda ya ɗaura ai shi ka kwancewa."

Ɗangiwa ya yi murmushi ya naɗe hannun riga. Ya kama kunne ɗaya ya ja, ƙulli ya ƙara tsukewa. Ya kama ɗayan, ya ƙara. Ya sa farce, farce ya karye. Dangwali an yi shi ne don ɗan maraƙi mai fizge-fizge, duk yadda aka ja shi ta inda ba daidai ba ƙara kamawa yake. Matan Fulani masu nono sun matso gaba, Inno a tsakiyarsu, suna kallo kamar an kawo musu wasan biri.

"Ya daɗe ne, ya bushe," in ji Ɗangiwa.

"Wata shida kac ce," in ji Inno.

Ɗangiwa ya zaro wuƙar aljihu.

"Kada ka kai ƙarfe kusa da gwangwanin can na ƙasa," in ji Bube. "Yana riƙe wuta ko an kashe."

"An kashe janareto, tsoho. Ni za ka koya wa lantarki?"

Ya cusa wuƙa. Aka ji ƙara tas, kamar an karya kara. Wuƙa ta yi sama, hula ta yi gabas, Injiniya ya zauna daɓas a cikin tukwanen wata mata, yana riƙe da hannunsa yana kiran uwarsa da sunan da bai kira ta da shi ba tun yana goye.

Bube bai ko dube shi ba. Ya ɗauki sukuddireba mai ƙotar itace ya taɓa gwangwanin da jikin ƙarfen akwatin, sauran wutar ta fita. Sannan ya kai hannun hagu can ƙarshen igiyar, ya kama wani ɗan wutsiya da ba wanda ya lura da shi, ya ja sau ɗaya. Zarge ya buɗe. Ya bi wayoyin da yatsa har ya tsaya a bayan goshin akwatin.

"Ga gurnaninku. Ƙusar da ya buga sunanshi da ita ta huda katako ta yanke wayar ƙasa."

Ya sa filaya ya ɓamɓare faifan gwangwanin ya jefar a gaban tebur. Ya murɗa wayar ya haɗa, ya maida zargen yana kallon Malam Dikko, ba ya ko duban hannunsa. Kunnuwa biyu suka kwanta hagu kamar 'yan uwansu. Aka tayar da janareto. Ta yi kaki sau biyu, sannan shiru, shiru mai tsabta, har Malam Dikko ya tambaya ko ta mutu ne. Tambaya ya jona jitarsa ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya ƙetare fili ya daki bangon aji ya dawo.

Saura a san ko ita ce ta Tambaya. Ya ɗauki wuƙar Ɗangiwa daga ƙasa ya kankare fentin saman akwatin ta gefen dama. Jar fata ta fito, da wani baƙin tabo kamar kwabo. Mutum ya fi ashirin a wurin da suka tuna bikin Dogon Daji da wani ɗan kwangila ya kashe sigarinsa a kanta, Tambaya ya kusa cin kwalarsa.

Kwamiti ya shiga aji ya yi shawara. Da suka fito Malam Dikko ya ce amfilifaya ta Tambaya ce, ya ɗauki abarsa. Game da kyauta kuwa, ya ce abin takaici Malam Bube bai cike fom ba, kuma ba shi da takardar shaidar makaranta, saboda haka ba za a iya tabbatar da cewa ya iya aikin lantarki ba. Babur da kujera suka tafi ga mai jirgin katako. Bube bai ji wannan ba, ya riga ya tafi neman ruwan alwala.

Tambaya ya maida shi Kebbe, ya dawo ya kwana uku yana kankare fenti. Ya koma kiɗansa. In an tambaye shi yanzu sai ya ce ƙirar Kebbe ce. Akwai 'yan kwangila biyu da suka daina gayyatarsa daga ranar, suka ce tun da ta zama ta gida sautinta ya ragu.

Ɗangiwa kuwa, daga cikin tukwane ɗan doka ya ɗauke shi. Alƙali ya same shi da laifin cin amana, ya yanke masa bulala goma sha biyu a bakin kasuwa da wata shida a gidan yari. An sauke allon shagonsa, mai shayi ya yi benci da shi. Babban yatsansa na dama bai ƙara lanƙwasuwa ba.